AJIYA A CIKIN GIRGIJE: MABUƊI YANA HANNUN WA?

 Maganarmu ta yau a kan ajiya ce. Wata irin ajiya ce wadda iyayenmu ba su san ta ba, ko da ya ke da an kwatanta musu ita da sun gane hukuncinta nan take.

Da yawa daga cikinku ba za su manta da ranar Alhamis, 14 ga watan Maris na 2024 ba, cikin kwanakin farko na azumi. Ran nan intanet ta yi rauni tun daga Kwaddibuwa da Gana har Nijeriya, waɗansu bankuna suka kasa biyan bukatar jama'a ta waya. Ga mai saye tsaye gaban mai sayarwa, kuɗinsa na cikin asusu, kaya na cikin shago, amma ciniki ya ƙi faɗawa. Ba ɓarawo ne ya shiga banki ba, ba kuwa gobara aka yi ba. Wayoyi huɗu ne na ƙarƙashin teku, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka yanke daura da gaɓar Afirka ta Yamma, gyaransu kuwa sai da ya ci makonni. Sai mutum ya tambaya, me ya haɗa cinikin atamfa a Kantin Kwari da gindin teku? Abin da ya haɗa su shi ne, waɗansu daga cikin na'urorin da saƙon ciniki ke bi ta cikinsu kafin ya tabbata ba nan kusa su ke ba. Suna wata ƙasa, cikin gidan waɗansu mutane, a wurin da a ke ce wa girgije.

Wannan suna Turawa suka laƙaba, mu kuwa muka fassara, kuma daga gare shi ruɗu ya faro. Mai jin sunan sai ya zaci wani abu ne mai shawagi a sama, ba shi da ƙasa, ba shi da sarki, wuta ba ta cinsa. Alhali kuwa gini ne, ƙaton sito, an jera akwatunan ƙarfe a cikinsa sahu sahu, kowane akwati cike da kwamfutoci waɗanda a ke kira saba. Aikin saba shi ne ta riƙe bayani, ta yi lissafi, ta amsa wa wanda ya kira ta daga nesa, dare da rana ba hutu. Tana shan lantarki, tana fid da zafi, sai an yi ta sanyaya ta da iska ko da ruwa. Ginin nan yana da mai shi, yana da masu gadi, yana kuma ƙarƙashin dokar ƙasar da aka gina shi. Wanda ya ce hotunansa ko lissafin shagonsa na cikin girgije, abin da ya ke faɗa shi ne suna cikin kwamfutar wani, ya kama haya.

Hayar kuwa tsohuwa ce. A shekarar 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da faifan ajiya na farko cikin na'urar da ya kira RAMAC. Nauyin ma'ajin ya kai kimanin tan 1, abin da ya ke ɗauka kuwa haruffa miliyan 5 ne, wanda hoto ɗaya na wayar hannu ta yau zai iya kusa cinyewa, kuma haya a ke ba kamfanoni shi wata wata. A 1961 wani masani, John McCarthy, ya faɗa a jami'ar MIT cewa wata rana za a riƙa sayar da aikin kwamfuta kamar yadda a ke sayar da layin tarho, kowa ya biya gwargwadon abin da ya sha. Maganarsa ba ta cika sosai ba sai a 2006, sa'ad da kamfanin Amazon ya buɗe hayar wurin ajiya a watan Maris, ya bi ta da hayar kwamfuta awa awa a watan Agusta. Microsoft da Google suka biyo baya, yau su ukun nan suna riƙe da fiye da kashi 60 cikin 100 na wannan kasuwa a duniya.

'Yan kasuwa za su fi saurin gane bambancin da ke tsakanin hanyoyin ajiyar in muka koma ga fatauci. Sa'ad da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, baƙo ya kan sauka gidan mai masauki, ya zuba kayansa a ɗakin ajiya tare da kayan waɗansu, mai gida ya tsare masa, ya ɗauki ladansa. In kaya sun yi yawa a ƙara masa wuri, in sun ragu a ba wani. Wannan shi ne girgije: saba guda a ke yanka ta gida gida da dabarar lissafi, mutane da yawa su zauna cikinta ba wanda ya san maƙwabcinsa. Amma attajirin da ya kafu a gari ba ya son cuɗanya. Shi sai ya kama shago sukutum, ya sa kwaɗonsa, ko da ya ke ginin na mai gida ne. Wannan shi ne hayar keɓaɓɓiyar saba, na'ura ɗungum taka kai kaɗai, kuɗinta sananne kowane wata, ko ka cika ta ko ka bar ta wofi. Akwai kuma wanda zai sayi sabarsa da kuɗinsa, ya kai ta gidan ajiya, ya biya kuɗin wuri da wuta da gadi kawai.

Kada a ɗauka muna zagin girgije. Ya yi wa masu ƙaramin jari alheri mai yawa. Dā yaron da ya ƙirƙiro wata dabara ta ciniki sai ya tara kuɗin na'ura tukuna kafin ya gwada ko jama'a na so, yau kuwa da kuɗin kati ya kan fara, in abin bai karɓu ba ya rufe ya tashi ba bashi. Haka kuma mai sana'ar da cinikinta ke tasowa lokaci guda ya kwanta, kamar dillalin raguna gab da Babbar Salla ko hukumar jarrabawa ranar fid da sakamako, wauta ce ya gina turken da zai zauna wofi wata goma sha ɗaya. Irin wannan haya ta fi masa.

Sai dai haya ba ta ƙarewa, kuma wanda kayansa suka yi nauyi suka kuma daidaita, kullum gwargwado ɗaya, in ya zauna ya yi lissafi ya kan tarar ya biya kuɗin gida sau da yawa bai mallaki ko ƙofa ba. Kamfanin Dropbox, mai ajiye wa jama'a takardu, ya kwashe mafi yawan kayansa daga wurin Amazon zuwa na'urorinsa na kansa, ya bayyana haka a 2016, daga baya ya shaida wa masu sayen hannun jari cewa ya rage kashe kimanin dala miliyan 75 cikin shekara biyu. Wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna 37signals ya ce a 2022 kaɗai ya biya dala miliyan 3.2 kuɗin girgije. Ya sayi sabobinsa na Dell da abin da bai kai dala miliyan 1 ba, ya kai su gidajen ajiya biyu, bai gina ko bango ba, sa'an nan ya ba da labari cewa yana tsirar da kusan dala miliyan 2 kowace shekara. Shaidarsu ce a kan kansu, kuma su masu gwanayen ma'aikata ne, ba kowa zai iya abin da suka yi ba. Amma lissafin a fili ya ke, kowa na iya bi.

Mu nan kuwa akwai wani nauyi a kan nauyi, domin hayar manyan gidajen nan da dala a ke yanka ta. A farkon watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haye naira 1,500. Kamfanin da ke karɓar naira daga hannun jama'a yana biyan haya da dala sai ya ga kuɗin ajiyarsa ya ninka uku bai ƙara ko tsinke a ɗakin ba. Ku kuwa kun san inda irin wannan ƙari ke sauka a ƙarshe. Yana sauka a kan ladan da a ke cira duk sa'ad da aka tura kuɗi ko aka zura kati a na'urar POS.

To, ina aka dosa? Masu tallar girgije sun daɗe suna cewa gobe ba wanda zai mallaki saba, masu sayar da saba kuma yanzu suna cewa jama'a na gudowa daga girgije. Mu a ganinmu kowannensu ya faɗi rabin gaskiya ne, rabin da ke kawo masa ciniki. Kuɗin da manyan gidajen girgije ke samu ƙaruwa ya ke yi shekara shekara, ba a gudu ba. Abin da ke faruwa shi ne raba kaya. Ku dubi Netflix, mai nuna sinima ta intanet. A watan Janairu na 2016, shekarar da Dropbox ya ba da labarin fitarsa, shi kuwa ya gama ƙaura zuwa girgijen Amazon. Amma hotunan sinimar kansu, waɗanda su ne kaya mafi nauyi, daga akwatunansa na kansa ya ke aiko da su, waɗanda ya rarraba a ƙasashe kusa da masu kallo. Mai sauƙi mai hawa da sauka ya kai haya, mai nauyi na kullum ya riƙe a hannu. Su ma masu girgijen sun gane haka. Tun 2017 Amazon ya fara ba da hayar na'ura ɗungum ba yanki ba, a 2019 kuma ya fara kai akwatunansa cikin ginin mai haya, a kafa masa a gidansa. Ashe girgijen da kansa ya fara saukowa ƙasa.

Abin da ya zo ya dama lissafin duka shi ne ƙirƙirarriyar basira, watau na'urorin nan masu amsa tambaya da rubuta wasiƙa da zana hoto, waɗanda suka cika duniya tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022. Horar da su da gudanar da su na bukatar waɗansu ƙwayoyin lissafi na musamman, mafi yawansu ƙirar kamfanin Nvidia, masu cin wuta ba kaɗan ba. Akwatin saba irin na dā ya kan sha abin da bai wuce kilowat 10 ba, na sabon yayi kuwa akwai mai shan kilowat 120, har iska ta gaza sanyaya shi sai an ratsa bututun ruwa ta cikinsa. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 gidajen saba sun sha kimanin kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya, ta kuma yi kirdadon abin zai ninka har ya ɗan wuce zuwa 2030, ya kai kwatankwacin abin da ƙasar Japan duka ke sha. A Ailan, ƙasa ƙarama mai yawan irin gidajen nan, sun cinye kashi 21 cikin 100 na wutar da aka auna a 2023. A watan Satumba na 2024 Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 domin a tada wata tashar nukiliya da aka rufe a Three Mile Island ta Amurka, mai ba da megawat 835. Ku auna wannan da namu: layin wutar Nijeriya baki ɗaya, ranar da ya yi kirki, megawat 5,000 ko kusa da haka ya ke rabawa. Kamfani guda ya kama wa kansa abin da ya kai sudusin wutar ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200.

Daga nan mu ke hango gidajen saba za su rabu gida biyu. Ƙattai za su bi wuta duk inda ta ke da yawa da araha, ko da a jeji ne, domin horar da na'ura bai damu da nisa ba. Ƙanana kuwa za su matso kusa da jama'a, domin biyan kuɗi da kiran waya da aikin asibiti ba sa jure jinkiri ko yankewar wayar teku. Kuma kada mai son sayen sabarsa ya yi murna da wuri, gama ƙishirwar ƙattan nan ta taɓa kasuwar kowa: a ƙarshen 2025 farashin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya yi tashin gwauron zabo saboda su ke kwashe ta. Ko haya ko saye, arahar da aka saba da ita ba tabbas ba ce.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi kuɗi muhimmanci, watau amana. Malamai sun san babin wadi'a a littattafan fiƙihu, Risala da Muhtasar duk sun kawo shi. Asalin hukunci a can shi ne wanda aka ba ajiya amintacce ne, in ta salwanta ba da sakacinsa ko ƙetare iyakarsa ba, ba ya ranko. Abin mamaki, takardun yarjejeniyar girgije kusan nan suka tsaya, har sun fi sassauta wa kansu. Galibinsu suna cewa yin kwafi na biyu aikin mai kaya ne, in kuwa aiki ya tsaya diyyar da za a ba ka ragin kuɗin haya ne na wata mai zuwa, ba hasarar cinikinka ba. Mutane nawa ne cikin masu danna "na yarda" suka karanta wannan?

A daren 10 ga Maris na 2021 gobara ta tashi a gidajen saba na kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa. Gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, wani ya taɓu, shafukan intanet miliyoyi suka mutu dare ɗaya, waɗansu masu haya ba su sake ganin kayansu ba har abada. Cikinsu akwai waɗanda suka biya kuɗin kwafi na biyu, ashe an ajiye kwafin wuri ɗaya da asali, wuta ta haɗa ta cinye. A 2023 kotun ciniki ta birnin Lille ta sa kamfanin biyan diyya ga biyu daga cikin irin waɗannan. Da alƙalinmu aka kai wa, ba mu zaton zai saɓa, domin wannan shi ne sakacin da ke jawo ranko. Amma diyya ba ta mai da littafin bashi da ya ƙone. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ba sa bukatar a yi musu sharhi.

Wani lokaci ma ba wuta. A watan Mayu na 2024 wani kuskure wajen saiti ya sa girgijen Google ya share ajiyar UniSuper, asusun fansho na ma'aikatan jami'o'in Ostireliya mai mutum fiye da dubu 600. An ajiye kayansu a wurare biyu, amma da ya ke duka biyun ƙarƙashin haya ɗaya su ke, sharewar ta tafi da su tare. Abin da ya taimaka wajen ceto su shi ne suna da wani kwafi a hannun wani kamfani dabam, duk da haka sai da aka yi kusan mako biyu kafin al'amura su daidaita. Ranar 20 ga Oktoba na 2025 kuma wata matsala ta auku cikin tsarin da ke nuna wa kwamfutoci adireshin juna a gidajen Amazon na arewacin jihar Bajiniya, sai ga bankuna a Ingila da manhajojin hira da na wasa a ƙasashe da yawa sun tsaya sa'o'i masu yawa. Haka lamari ya ke in gari duka na ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, ran da guga ya faɗa kowa ya kwana da ƙishi.

Kada kuma mai rumbun kansa ya yi dariya. Ranar 26 ga Satumba na 2025 batir ya kama wuta a cibiyar kwamfutocin gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon. Ɗaruruwan ayyukan hukuma suka tsaya, wani ma'aji kuwa na takardun ma'aikata mai ɗauke da terabait 858 ya hallaka, ba shi da kwafi a wani wuri, wai don ya cika girma. Wannan fa gwamnati ce mai arziki da gwanaye, gidan nata ne, mabuɗi na hannunta. Saboda haka tambayar da ta fi ita ce kwafi nawa ne, a gari nawa, a hannun mutum nawa. Magabatanmu masu kwafar littattafai da tawada sun riga mu sanin wannan. Littafin da ya rayu har ya iso mu shi ne wanda almajirai suka kwafa suka watsu da shi garuruwa, wanda aka ɓoye a tukunya ɗaya kuwa gara ta yi walima da shi. Muna faɗar haka ne domin mun ga makarantu da zaurukan karatu yanzu suna ɗaukar hoton tsofaffin littattafai da muryoyin karatun malamai, suna zubawa cikin asusu guda na kyauta wanda yaro ɗaya ne ya san kalmar buɗe shi. Ran da yaron ya yi tafiya, ko kamfanin ya rufe asusun don an daɗe ba a taɓa shi ba, ina za a kai ƙara?

Sa'an nan ga maganar sarauta. Mun ce ginin yana ƙarƙashin dokar ƙasar da ya ke, amma mai ginin ma yana ƙarƙashin dokar ƙasarsu. A 2018 Amurka ta kafa doka wadda ta ba hukumominta ikon neman bayani, ta hanyar shari'a, daga kamfanonin Amurka ko da a wata ƙasa aka ajiye shi. A watan Yuni na 2025 wani babban jami'in Microsoft na Faransa ya amsa gaban majalisar dattawan ƙasar cewa ba zai iya ba da tabbacin bayanan Faransawa ba za su taɓa isa hannun hukumomin Amurka ba. Don haka ƙasashen Turai ke ta neman girgije mai zaman kansa, har Amazon ya yi shelar zuba yuro biliyan 7.8 a Jamus domin gina musu na dabam. Nijeriya ma ta kafa dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023, wadda ta sa sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane waje. In ƙasashe masu ƙarfi na wannan taka tsantsan, mu ya fi kamata.

A cikin dukan abin da ke tafe, wanda ya fi faranta mana rai shi ne buɗe ƙofar fita. Al'adar gidajen girgije ita ce shigo da kaya kyauta ne, fitar da su kuwa sai an biya gwargwadon nauyi, har mai kaya da yawa ya ga tashi ya fi zama tsada. Mai masaukin da ke yi wa baƙo haka a zango da ba a daɗe ba sunansa ya ɓaci. Tarayyar Turai ta kafa doka wadda ta fara aiki ranar 12 ga Satumba na 2025, ta tilasta a sauƙaƙa wa mai haya ƙaura, ta kuma yanke cewa daga 12 ga Janairu na 2027 ba za a ƙara cajin kuɗin sauya gida ba. Tun kafin wa'adin, a farkon 2024, Google da Amazon da Microsoft suka yi shelar yafe kuɗin fitar da kaya ga wanda zai tashi, bisa waɗansu sharuɗɗa. Sai dai kuɗin ƙofa ba shi kaɗai ne ƙulli ba. Wanda ya gina aikinsa duka da kayan aikin da gida ɗaya kaɗai ke da su, ko an buɗe masa ƙofa ba zai iya fita ba sai ya rushe ya sake gini.

Game da ƙasarmu, an fara motsi. Microsoft ya buɗe gidajensa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024. A 2022 kamfanin Equinix na Amurka ya sayi MainOne na Ikko a kan dala miliyan 320, a shekarar kuma wayar teku ta Google mai suna Equiano ta sauka Ikko. Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya yana da cibiya a Abuja da wata a Kano. Amma mafi yawan gidajen saba na ƙasar nan a Ikko su ke, bakin teku, mu kuwa muna nesa da su da tafiyar kilomita wajen 1,000 ta waya wadda masu gyaran hanya ke yankewa. Ba mu kuma manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da manyan layukan wuta suka lalace Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda. Wanda ya zo ya ce zai gina mana ƙaton gidan ƙirƙirarriyar basira irin na Amurka, mu fara tambayarsa inda zai samo wuta da ruwan sanyaya shi a watan Afrilu. Bukatarmu ta fi wannan ƙanƙanta ta kuma fi shi amfani: matsakaitan gidaje a Kano da Kaduna da sauran manyan garuruwan ciniki, masu wutar kansu ta rana da ta gas, masu karɓar haya da naira, inda bankuna da kamfanonin waya za su haɗa layukansu, domin saƙon da ya tashi daga Kwari zuwa Kurmi kada sai ya je bakin teku ya komo.

Wannan ba aikin gwamnati kaɗai ba ne. Attajiran da suka iya gina sito da gidan mai da masaƙa za su iya haɗa jari su gina irin wannan gida, haya ce kamar kowace haya, sai dai tana son gwanayen ma'aikata da haƙurin shekaru. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuwa suna da bakin da za a ji. In mai manhaja ya zo yana tallar littafin ciniki na waya, ko banki ya kawo sabuwar na'ura, shugabannin kasuwa su zaunar da shi su tambaye shi a wace ƙasa lissafin mutanensu zai kwana, ina kwafi na biyu, ko a hannun kamfani ɗaya su ke, kuma ran da mutum ya so tashi ta yaya zai karɓi lissafinsa cikakke a siffar da wata manhaja za ta iya karantawa. Ya rubuta amsar a takarda ya sa hannu. Masu makarantu kuma, abin da aka ɗauka na littattafai da karatu a sa shi a faifai biyu, ɗaya a gida ɗaya a wani gari, na girgije ya zama na uku, mutum biyu amintattu su san kalmar buɗewa, a kuma riƙa jarraba faifan ko sau ɗaya a shekara, domin shi ma ya kan mutu shiru ba wanda ya sani.